Filasta Biyar a Damtsen Miriyamu

Duk wanda ya san Miriyamu Adi a Gude ya san ba ta iya zama. A tsaye take cin tuwo. A majami'a ma bencin ƙarshe take zaɓa, don ta samu damar fita ta tsawata wa yara ko ta gyara wani abin da ba wanda ya ce ta gyara. Mijinta John ya daina yi mata magana a kan wannan hali tun shekara ta biyu da aurensu.

Karatunta bai wuce firamare ba, amma ta yi shekara goma sha ɗaya tana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata makaranta a cikin Mubi, kuma tana wanki tana kallon abin da ake yi. Da 'yan ta'adda suka mamaye garin a shekarar 2014, ta bi duwatsu da 'ya'yanta uku suka faɗa Kamaru, daga can aka kwaso su zuwa Yola. A sansanin 'yan gudun hijira ne wasu mata suka koya musu yin sabulu da man shafawa. Da ta dawo gida ba ta koma wankin kwalabe ba. Ta share ɗakin da John yake ajiye masara, ta dasa tukunya biyu a ciki.

Manta na man kaɗe ne da man gyaɗa da kakin zuma. Tsofaffi suna sonsa. 'Yan mata kuwa suka ce ya cika maiƙo, a zafin watan Maris mutum sai ya riƙa ƙyalli, zani yana manne masa a jiki. Wannan magana ta tsaya wa Miriyamu a rai. Wata rana wani mai kawo sinadarai daga Kudu ya nuna mata wasu jarkoki uku, kowace da mai fari tas kamar ruwan rijiya. Ya ce sunansu esta, su manyan kamfanoni suke zubawa a mai don ya shige fata nan da nan. Ta ɗiga na ukun a bayan hannunta, kafin ta ɗago kai ya ɓace. Ta ɗauki duka ukun, ta ƙara da wani sabon turare mai ƙamshin lemo.

Man ya yi kyau, ba ƙarya. Cikin wata guda ya kai shagunan gyaran gashi na cikin gari.

Ranar wata Laraba sai ga Habibat, matar Sajo makiyayi, wadda ke kawo mata nono daga Mugulbu. Ba ta sauke ƙwarya ba ma ta janye mayafinta.

"Adda Miriyamu, dubi abin da manki ya yi mini."

Wuyanta da hannayenta sun yi jajur, fatar ta ɗan tashi, ga sawun farce inda ta yi ta susa.

"Kwana nawa?"

"Uku. Kamar an zuba mini barkono. Baban yara ya ce kada in sake taɓa shi."

Miriyamu ta raka ta asibiti da ƙafarta. Kafin Lahadi mata biyu kuma sun zo da irin wannan kuka. Ta ɗauki buhu ta bi shago shago, gida gida, tana karɓo robobin man. Kwana biyu ta yi tana wannan yawo, ta tara su a bayan ƙofa.

John ya ce, "Maman Ruth, ki zubar kawai. Ki koma wa na da, ai ba wanda ya taɓa kuka da shi."

"In zubar da wanne? Abu huɗu na ƙara. Idan guda ne mai laifi, in san shi."

"To idan kin san shi fa?"

"Na san shi."

Ta riga ta yanke wa turaren hukunci a ranta. Amma zargi bai ishe ta ba. Washegari ta ɗura kowane abu a 'yar kwalba, ta hau mashin zuwa Vimtim wurin Baba Ephraim, tsohon shugabanta a ɗakin gwaje-gwaje, wanda ya yi ritaya ya koma noma. Ta same shi a gindin mangwaro yana ɓarar gyaɗa. Ya karanta sunayen da ta kwafo daga jikin jarkokin, ya shinshina kowace kwalba, ya jijjiga.

"Duk daga kitse aka yi su," in ji shi. "Wannan daga kwakwa, wannan daga manja. Ana tsaga man ne, a haɗa shi da wani sinadari, sai ya yi laushi. Yawancinsu ba sa cutar da fata. Amma dangi ne babba, kuma ba halinsu ɗaya ba. Da hanci ba zan iya gaya miki ba."

"To da me, Baba?"

"A zamaninmu zomo ake aske wa baya a shafa masa. Yanzu an fi yi da fatar mutum da ake rainawa a kwanon gwaji, mu kuwa ba mu da ita a nan."

"Ga hannuna."

Ya yi dariya. "Hannunki da ya shekara goma sha ɗaya a cikin ruwan sabulu? Ko kananzir aka zuba masa ba zai ji ba. Mutane za ki nema, ashirin in da hali. Ki gaya musu gaskiyar abin da za a yi. Ban da mai ciki, ban da yaro, ban da mai ciwo a fata. Wanda ya ce a'a, ki ƙyale shi."

Ya zana mata a bayan wata tsohuwar kalanda. Ɗigo guda a kan 'yar auduga, a manna da filasta a damtse. Filasta biyar: esta uku, turare da aka tsarma, na biyar ruwa zalla, don a san yadda fata take idan ba a yi mata komai ba. Bayan awa huɗu a cire, wanda ya ji zafi kafin nan a cire masa nan take a wanke. Sai a duba bayan awa guda, a sake dubawa gobe, jibi da gata. Idan ba komai, a rubuta sifiri. Ja kaɗan, ɗaya. Ja sosai, biyu. Da kumburi, uku.

Ta miƙe za ta tafi, ya tsai da ita.

"Wa kike zargi?"

"Turaren."

"Shi ya sa ba ke za ki cika kwalaben ba. Ki ba John. Ya sa musu lamba, ya ɓoye takardar. Idan kin san wanne ne turare, idonki zai gano masa ja ko babu."

"Ai zan ji ƙamshinsa, Baba."

"A wanke hannun da kyau kafin ki duba. Kuma ki tsaya can nesa lokacin da ake mannawa, in kin iya."

Neman mutanen ya fi komai ba ta wahala. A taron zumuntar mata ta tashi ta yi bayani. Wata ta ce ita ba zomo ba ce. Wata ta ce can baya man ya ƙone Bafulatana, yanzu kuma su ake so a ƙona. Miriyamu ta naɗe hannun rigarta ta ce ita ce ta farko, wadda ta ga dama ta biyo. Mata tara suka yarda. Ta samo huɗu cikin maƙwabtanta Musulmi, bayan ta je ta yi wa mazajensu bayani ɗaya bayan ɗaya. John ya ba da nasa hannun. Ranar gwajin da safe kuma sai ga Sajo a ƙofar gida da sandarsa.

"Habibat ta ce kina neman hannu. Nata bai warke ba. Ga nawa."

Suka zama goma sha shida har da ita.

Awa huɗun nan ba ta taɓa ganin lokaci mai tsawonsu ba. Mutane suna zaune a kan tabarma a inuwar dalbejiya suna shan kunun gyaɗa, ita tana zagaya su. Ta tambayi wannan ko yana ji, ta tambayi waccan ko tana ji. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta shiga ɗaki ta fito ba ta san abin da ta je ɗauka ba. Sau uku ta ja John gefe.

"Baban Ruth, lamba biyu ne turaren, ko?"

"Ban sani ba."

"Kai ka rubuta!"

"Na manta."

Da aka cire filastocin aka wanke hannaye, ta bi su da littafinta tana juya kowane damtse zuwa hasken rana. A baƙar fata ja ba ya fitowa da sauƙi. Sai ta lura wurin yakan yi duhu ya ɗan yi sheƙi, in ta shafa da yatsa ta ji ya fi gefensa ɗumi. Da ta zo kan Margret, mai jan waƙa a zumunta, sai ta tsaya. Duk wuri biyar sun yi ja, kowanne da siffar filasta sak. Ta kira Baba Ephraim a waya.

"Duka biyar? Har na ruwan?"

"Duka, Baba."

"To ba kayanki ba ne. Danƙon filastar ne jikinta ba ya so. Ki ba ta haƙuri, ki ajiye nata a gefe."

Kwana uku ta yi tana bin mutane. Wasu a gida, wasu a kasuwa, Sajo kuwa sai da ta bi shi har mashayar shanu. Ya miƙo hannu ba tare da ya ɗauke ido daga garkensa ba. A rana ta uku da yamma ta shimfiɗa littafin a kan turmi. Lamba ɗaya da biyu da biyar kusan duk sifiri. Lamba huɗu ta taɓa mutum biyu, kaɗan. Lamba uku kuwa ta yi ja a hannun mutum tara cikin goma sha biyar, biyu har da kumburi. A nata damtsen ba abin da ya fito ko ɗaya.

John ya zaro takardar daga cikin Littafi Mai Tsarki ya miƙa mata. Turaren shi ne lamba huɗu. Lamba uku ita ce estar nan mai ɓacewa a bayan hannu, wadda ta fi so, wadda ta zuba da yawa saboda ita ke sa man ya yi sanyi a jiki.

Ta sake karanta takardar. "Da turaren na zubar, da na ci gaba da ƙona mutane," ta ce.

Baba Ephraim bai bar ta ta huta a nan ba. Ya ce irin waɗannan masu tsinkewa sosai sun fi saurin ratsa fata, ko kuma ba a tace wannan jarkar da kyau ba, shi ba zai iya rantsewa ba. Ya ce kuma abu tsagwaronsa a ƙarƙashin filasta daban ne da abu a cikin mai. Sai ta sake haɗa sabon mai ba tare da estar nan ba, ta rage turaren, ta sake bin mutanen nan suka shafa shi a lanƙwasar hannu safe da yamma har mako biyu. Ba wanda ya yi ko susa.

Ta mayar wa mai sinadaran jarkarsa. Ya ce ita kaɗai ce ta taɓa yin ƙorafi. Ta nuna masa littafin, ya ƙi dubawa.

Sabon man bai kai wancan laushi ba, kuma ba kowa ne ya dawo ba. Victoria mai shagon gyaran gashi ta zo har gida ta ce a riƙa yi mata wancan da aka janye a ɓoye, ita da masu zuwa wurinta bai taɓa yi musu komai ba.

"Mutum shida ma bai yi musu komai ba a gwajina," in ji Miriyamu. "Ban san fuskar sauran taran ba idan sun shigo shagonki."

Victoria ta tafi da fushi, ta koma sayen na wani. Habibat ta warke sarai, tana kawo nono kamar da, amma man shanu kawai take shafawa, kuma Miriyamu ba ta taɓa yi mata tayin nata ba.

Tun daga lokacin duk sabon abin da zai shiga tukunyarta sai ya bi ta damtsen mutane. Masu ba da hannu sun ƙaru, sun wuce talatin, wasu ma jin daɗin kunun da hirar ke kawo su.

A daminar bara ta samu wani sabon mai da aka ce daga riɗi aka yi shi. Mutum ashirin da ɗaya ta duba, duk lafiya. Saura mace guda, Susana, da ta koma Mugulbu aikin gona kafin rana ta uku. An kwana ana ruwa, mayo, wato rafin da ke kan hanya, ya cika, mai mashin ya ce shi iyakarsa bakin ruwa. Ta tuɓe takalmi, ta ɗaure littafin a leda ta ɗora a ka, ta haye. A gidan aka ce Susana tana gona. Ta bi ta cikin dawa har ta same ta tana cirar ciyawa, hannu duk taɓo. Da ruwan shan da ke cikin jarkarta suka wanke damtsen.

A wuri na biyu akwai ɗan duhu, bai kai faɗin ƙwayar wake ba.

"Yana yi miki ƙaiƙayi?"

"Kaɗan, Mama. Na ɗauka sauro ne."

Miriyamu ta juya hannun dama, ta juya hagu, ta shafa da yatsa. Zai iya zama sauron. Ta rubuta ɗaya, ta sa alamar tambaya a gefe. Sannan ta haura kan wani tudu inda waya ke kamawa, ta kira John ta ce kada a zuba komai a roba tukuna, ya kuma biya ta kemis ya sayo filasta kafin ta iso, za a sake gwajin.