Keken da Na Rufe da Gwangwani

Kwanaki 'yata ta miƙo min wayarta tana nuna min kekunan da ake tsere da su yanzu, na masu gasar nan da ake iyo, a hau keke, sannan a yi gudu. Firam ɗin, wato gangar jikin keken, faffaɗa ne ta gefe, siriri ta gaba, don kada iska ta sami abin kamawa. Ta zaci mamaki zan yi. Haushi ne ya turnuƙe ni, har na ture mata wayar, domin ni na yi wannan abin da hannuna a unguwarmu, Romi, aka mayar da ni mahaukaci.

A tsakiyar shekarun tamanin ne. Ina aiki a masaƙa, ɓangaren kaɗi, kuma an fara sallamar ma'aikata rukuni-rukuni. Duk Juma'a sai ka je gaban allo da faɗuwar gaba ka duba ko sunanka ya fito. Ana cikin haka aka ce wani kamfani mai ƙungiyar tseren keke zai ɗauki mutum biyu, kuma wanda aka ɗauka ya sami aiki ke nan, ya rabu da zuwa gaban allo. Ina da mata da jaririya, shekaruna sun kusa talatin. Na san in wannan ta wuce ni, wata ba za ta zo ba.

Duk Asabar da safe muke haɗuwa a bakin hanyar Abuja, mu goma sha wani abu, tare da kocin ƙungiyar, wani dogon mutum mai agogo rataye a wuya. Shi ne zai zaɓa. Ranar zaɓe za a saki kowa shi kaɗai, ya je Kakau ya dawo, agogo ya yanke hukunci.

A wancan lokaci 'yan tsere sun yi imani nauyi ne kaɗai abokin gabarsu. Saboda haka kowa huda kekensa yake yi. A huda hannun birki, a huda farantin sarƙa, a huda ƙarfen sirdi, wasu har jikin firam ɗin ba su bari ba. Kafin a tashi sai ka ga ƙarti suna ɗaga kekunansu da yatsa ɗaya ana gwada wa juna. In sun shiga gangara kuwa, ramukan nan su dinga fito, su kuma suna jin daɗi, wai alamar gudu ce. Ni ma na huda nawa wuri shida, ba zan yi ƙarya ba. Tsohon keken tsere ne na ƙarfe da na saya hannun wani mutumin Filato, ko ka huda shi wuri ɗari ba zai yi sauƙi ba.

A masaƙa na gane kuskurenmu. Wanda ya yi shekaru cikin ɗakin kaɗi yana ganin iska da idonsa, don burbushin auduga na bin ta duk inda ta nufa. Wata rana ina tsaye na lura da wani bututu da ke gaban fanka. Gabansa tas yake, amma a bayansa audugar sai juyi take, tana taruwa, ta ƙi wucewa. Na tsaya ina kallo har zare ya tsinke min a inji, mai duba mu ya zage ni. Ban ko ji zagin ba. Firam ɗin kekena duk irin wannan bututun ne.

Na kwaso guntayen zare na liƙa su da salatif a jikin firam, na je gangarar da ke kafin Kakau na saki keke, kaina a sunkuye ina leƙe. Zaren da ke gefe ya kwanta lif. Na bayan bututu kuwa sai rawa yake, wani ma gaba yake komawa. Na gefen ramukan da na huda ya fi kowanne hauka. Ashe mu da kanmu muke yi wa iska wurin riƙe mu.

Na kai maganar wurin wani dattijo mutumin Binuwai da ke walda da gyaran jikin mota a bayan layinmu. Baba muke ce masa. Ya saurare ni har na gama, yana goge hannu da tsumma.

"Wato kowa yana rage kaya, kai ƙarawa za ka yi?"

"Ƙarawa zan yi, Baba."

"Wahala kake nema, ɗana. To kawo gwangwani, manya, irin na man girki."

Muka yanka gwangwanayen, muka naɗe kowane bututu, gabansa a zagaye, bayansa ya tafi ya tsuke kamar ƙwayar agushi. Baba ya toshe ramuka shidan nan, ya shafe gaɓoɓin da abin da yake cike lotsawar mota da shi, ya goge har hannu na santsi. Muka sauke kan keken ƙasa sosai. Ba a tashi ɗaya aka dace ba. Na farko da muka yi ya yi faɗi da yawa, iska ta bugo ni ta gefe ta watsa ni cikin gonar masara, sai da muka rage. Gwajina ɗaya ne: in tsaya gindin wani mangwaro a saman gangara, in saki keke ban taɓa feda ba, in ajiye dutse inda ya tsaya. Kowane mako dutsen gaba yake yi.

Ranar da na fara zuwa da shi wurin atisaye, mutane har da riƙe ciki. Wani ya ƙwanƙwasa shi ya ce a zuba masa koko. Wani ya gwada ɗaga shi da yatsa ya yi kamar ya karye. Koci ya zagaya shi sau biyu, ya taɓa, ya girgiza kai.

"Masaƙi, wannan keke ne ko akwatin gawa?"

"Keke ne, Oga."

"To Allah ya ba da sa'a. In ka gaji ka sayar wa masu gwangwan."

Asabar shida yana ganin keken nan, Asabar shida yana tsokanata. Na yi kunnen uwar shegu da su duka. A atisaye ba na nuna ƙarfina, a baya nake zama, ina jin ramukansu suna fito.

Ranar zaɓe da damina ce, hadari ya haɗo daga gabas amma bai sauko ba, sai iska mai ƙarfi. A tafiya ba ta dame mu sosai ba. A dawowa ce ta tare mu a ƙirji. Na kwanta a kan keke, haɓata ta kusa taɓa ƙarfe, na dinga taka feda. Na wuce wanda aka saka kafin ni, na wuce na gabansa, mutumin nan da ya yi maganar koko, yana tsaye a kan feda yana kokawa da iska, bakinsa a buɗe. Numfashi ma bai ishe ni ba. Amma daɗin da na ji a wannan wucewar, har yau ban ji irinsa ba.

Da kowa ya iso, Koci ya daɗe yana duban takardarsa. Sannan ya kira sunaye biyu, babu nawa. Na ajiye keke na nufe shi.

"Oga, nawa lokacin fa?"

"Naka ba ya cikin lissafi. Doka ta hana a rufe keke da wani abu don kare iska."

"Yau aka yi dokar?"

"Tun da can tana nan."

"Sati shida kana ganinsa. Ka taɓa shi da hannunka. Me ya hana ka faɗa?"

Ya sha mur, ya ce in ina so in ɓalle gwangwanin yanzu in sake tafiya Kakau, zai danna min agogo. Ya san ko mita ɗari ba zan iya ba, ƙafafuna sun riga sun mutu. Baba ya zo kallo a ranar, yana gefe da rigar aikinsa. Ya matso ya ce a hankali, "Ɗana, ga filaya a aljihuna, in za ka gwada." Na ce masa ko tsinke ba za a cire daga jikin keken nan ba.

Na juya wurin Koci na ce abu ɗaya nake so, ya faɗi lokacina da ƙarfi kowa ya ji. Ya ce ba dole ba ne. Na ce to ba zan matsa daga gabansa ba. Na tsaya ƙyam, ido cikin ido, yayyafi ya fara sauka. Da ya ga da gaske nake, ya faɗa, ciki-ciki. Na ce ban ji ba. Ya sake faɗa da ƙarfi. Na riga wanda ya zo na ɗaya da kusan minti guda. Babu wanda ya yi dariya.

Daga baya na sa an nemo min littafin dokokin, na karanta. Dokar tana nan, Koci bai yi ƙarya ba. Abin da ban yafe ba shi ne bai tuna da ita ba sai da na ci. Da na zo na ƙarshe, da har yau ana ba da labarina ana dariya, dokar kuma tana kwance a aljihunsa.

Wata uku bayan haka aka sallame ni daga masaƙa. Na sha wuya, ni da matata, wuyar da ba na son tunawa. Sau da yawa ta tambaye ni, ba da faɗa ba, ko da na karɓi filayar nan da wani abu ya canza. Na ce mata wataƙila. Ta ce to da za a mayar da ni ranar, zan karɓa? Na ce mata a'a.