Maganar da Turmi Ya Danne

Shekara talatin da biyar na yi ina roƙon yara su yi shiru a aji. Da na yi ritaya na samu shirun, sai na tarar kunnena na hagu ya riga ni ajiye aiki. Na dama ne ya rage, shi ma yana zuwa aiki ne ranar da ya ga dama, kamar wasu abokan aikina na dā.

Abin da ya sa na damu da kunnen wani kaset ne. Lokacin da nake bautar ƙasa can kudu, ba waya, Inna kuma ba ta rubutu. Sai yayana ya aro rikoda, ya zaunar da ita a tsakar gidanmu na Damari, ta yi mini saƙo da bakinta, aka ba wani direba ya kawo mini. Gaisuwa ce da addu'a da labarin damina. Ta ce lafiya lau take. A ƙarshe, bayan ta yi sallama, akwai wata 'yar magana da ta yi ƙasa-ƙasa, daidai lokacin da wata mata ta fara daka kusa da su. Turmin ya danne maganar. Wata biyu bayan haka Inna ta rasu, ban samu jana'iza ba. Yayana ma ya bi ta tun ban yi hankalin tambayarsa ba.

Na saurari wurin nan a rediyo mai kaset har rediyon ya mutu. Na sa an juye mini a waya, turmin ya ƙara lafiya, muryar ta ƙara nisa. Wani tsohon malamin kimiyya ya ce mini abin da nake bukata kayan sauti ne daban-daban: dek mai juya kaset, amfilifaya, sifika biyu, da ikwalaiza, wadda ke rage wani sauti ta bar wani.

Na je wurin wani mai gyaran rediyo a nan Ƙanƙara, inda muka dawo da zama tun da Damari ta daina kwanuwa saboda 'yan bindiga. Yana sayar da kayan gwanjo a bayan shagon. Na ce ina son amfilifaya.

"Masallaci ne ko biki, Malam?"

Na ce ɗaki ne.

"Ɗakin taro?"

"Ɗakin kwana."

Ya dube ni irin kallon da nake yi wa yaron da ya ce akuya ta cinye masa aikin gida. A garin nan ba a sayen amfilifaya sai don a ji mutum a unguwa ta uku. Ya jawo wata baƙa mai nauyin buhun masara, ya ce, "Wannan in ka yi tari a cikinta, sai an ce maka sannu daga Pauwa."

"Alhaji, ba na son Pauwa ta ji. Ni nake son in ji."

Sati uku muka yi a haka. Duk wadda na zaɓa sai ya ce ƙarama ce, mutuncina ya fi ta. Wata tana huci kamar maciji ko ba a saka komai ba. Wata tana yin zafi har a iya gasa masara a kanta. Na koyi cewa sifika da amfilifaya sai jininsu ya haɗu, in ba haka ba ɗaya ta ƙona ɗaya, abin da na riga na sani game da shugaban makaranta da mataimakinsa. Daga ƙarshe na ɗauki wata 'yar madaidaiciya mai fuskar azurfa, wadda ba ta cewa komai sai an tambaye ta, na haɗa da sifika biyu da ikwalaiza. Dek kuwa babu mai rai a shagon. Sai da na je Faskari, wurin wani da ya gaji na mahaifinsa, na dawo da shi a kan cinyata, direba na gudu a inda hanya ta yi kyau saboda tsoro, yana gudu a inda ta lalace saboda tsoron ya fi yawa.

Ranar da aka sauke kayan a ƙofar gida, Hajiya, matata, ta tsaya tana kallon kwalayen.

"Malam, da rana tsaka? Kowa na gani?"

"Tsofaffin kaya ne."

"Mai kai rahoto daji ba ya duba shekarun kaya. Cewa zai yi kuɗin sallamarka sun fito."

Gaskiyarta. A zamanin nan ko rago mutum ya saya sai ya shigo da shi kamar ya sato. Ta sa na yi alkawari ba za a ji sauti a waje ba. Wato na yi sati uku ina zaɓen abin ƙara murya, don in kunna shi a matsayin raɗa.

Muka jira ranar kasuwa, bayan azahar, unguwa ta watse. Na rufe tagogi, na haɗa wayoyi, na jona da batirin sola. Muryar Inna ta fito kamar tana bayan labule. "Lahiya lau nike," in ji ta. Hajiya ta zauna bakin gado ba tare da na gayyace ta ba.

Da aka zo wurin dakan, na fara sauke 'yan maɓallan ikwalaiza na hagu ɗaya bayan ɗaya. Turmin ya rame, ya koma kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga nesa. Na kara kunnen dama da sifika. Na ji kalma biyu, na rasa sauran. Na mayar da kaset baya. Da na ɗago, sai na ga Hajiya ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Kin ji?"

"Ƙara mayarwa, Malam."

"Kin ji ko ba ki ji ba?"

"Gara ka ji da kanka."

Na karya alkawarin, na murɗa sautin sama. Inna ce ke tambayar yayana, "Ka kashe abin?" Ya ce, "Na kashe, Inna." Ashe bai san maɓallin ba, rikodar aro ce. Sai ta ce, "To, kar ka kuskura ka hwaɗa mai ciwon nan. Bari shi gama abin da ya kai shi."

Daga nan kaset ya ƙare.

Da a ce na ji wannan a lokacinsa, kwana biyu ne kawai a mota zuwa gida. Na zauna ina kallon 'yar koriyar fitilar amfilifaya har Hajiya ta tashi ta kashe ta, ta buɗe tagogi.

Bayan sati na koma shagon, na ce wa mai gyaran ya karɓi mai fuskar azurfa da sifikun ya ba ni baƙar nan mai nauyi, da lasifikar da ake ɗaurawa a kan sanda. Ta masallacin unguwarmu ta daɗe tana shaƙewa, na ce a kai can, Allah ya kai wa Inna ladan.

Ya yi dariya. "Ai tun ranar farko na tambaye ka, Malam."

Dek ɗin yana nan a kan kabad, kaset na ciki. Ban sake kunna shi ba.