Bandejin Kawu a Kafaɗar Duna

Ana sallame sallar asuba muka nufi tashar Kaura Namoda, ni da ƙanena, jakar aikina a hammata. Masu bibiyata sun san ni nas ce, kuma wankin gyambo shi ne abincina. Wannan karon kuwa gyambon na gida ne. Kawuna, yayan mahaifiyata da ke Badarawa, ya haura shekara da ciwo a ƙwauri, ina aika masa bandeji da auduga duk wata. Kwatsam 'yarsa ta kira ni ta ce wari ya sa mutane sun fara matsawa daga gefensa a sahu. Na san ma'anar wannan. In aka ƙara sakaci, sai dai a yanke ƙafar.

Sammakon namu bai tsinana komai ba, don direbobin hanyar Shinkafi ba sa tashi sai sun ga motar farko ta iso daga can lafiya. Muka zauna muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan yanzu sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san ka sa wani abu. Kuɗin mota ma ya ninka abin da na sani bara, direba ya ce rabi na mai ne, rabi na kasadar ransa.

Hanyar kuwa rami ne ke gaishe da rami, ga shingen jami'an tsaro nan da can. Gonakin bakin titi sun yi kyau, gero ya fid da kai, amma na can ciki ciyawa ta cinye, masu su sun daina zuwa. Duk surutun da ake a mota, da an shiga kurmi sai ka ji tsit, kowa na motsa baki. A Moriki, ƙasar Zurmi, muka sayi fura mai sanyi, numfashin mutane ya dawo.

Na tarar da Kawu a gindin dogon yaro, ƙafa a buɗe, ƙudaje na biki. An barbaɗa wa ciwon toka, an shafe gefensa da baƙin man mota. Bayan mun gaisa ya ce in kwantar da hankalina, ciwo iska yake so, in ya bushe zai kame. Ina shirin ba shi amsa idona ya faɗa kan wani baƙin kare kwance a gefensa. Kafaɗarsa a naɗe tsaf da farin bandeji. Nawa.

Raina ya ɓaci ƙwarai, na tambaye shi dalili. Ya kwance naɗin a hankali, sai ga wani ƙari kamar mangwaro ya fashe yana ruwa.

Ya ce, "Ɗiyata, Duna shi at tashe mu ranar da mutanen daji sunka shigo. Da bai yi haushi ba, da ba ki iske kowa ba gidan ga. Ni ina da bakin cewa wayyo, shi ba shi da shi."

Na yi masa bayanin abin da masu bincike suka daɗe da tabbatarwa: irin gyambonsa ba iska yake so ba. A wanke shi, a rufe, a naɗe ƙafar da ƙarfi daidai tun daga gindin yatsu har ƙasan gwiwa don kumburi ya sauka, a yi ta sabuntawa. Na taɓa bayan ƙafarsa na ji jini na bugawa, wato akwai sauran dama. Amma aikin na watanni ne, sai ya bi ni Kaura. Ya ce ko taku ɗaya ba zai yi ba in ba da Duna ba. Ƙanena ya kalle ni, na kalle shi, na ce a nemo igiya.

Nan fa kallo ya koma sama. Mota uku muka tsayar a bakin titi, kowane direba da ya ga kare sai ya taka mai. Ɗaya har da yi mini wa'azi ta taga. La'asar na matsowa, kuma ba a yin yamma a hanyar nan. Allah Ya kawo wani mutumin Zurmi da a-kori-kura cike da awaki daga Shinkafi, ya ce shi dai ba ya tambayar fasinja ƙabilarsa. Aka sa Kawu gaba, ni da ƙanena da Duna muka hau baya, wani bunsuru na tauna bakin hijabina.

A wani shinge, wani mai sayar da rake ya ce da ƙarfi don in ji, wai ga Hajiya guda da hijabi tana rungume da kare. Na ce masa, "Malam, ruwa bai ƙare ba a duniya, zan wanke hannuna. Ƙafar kawuna in an yanke, kai za ka ara masa taka?" Ya juya ya koma kan rakensa. Sauran masu kallo kuwa, ko a jikina, an tsikari kakkausa.

Mun shiga Kaura kafin magariba. Washegari na kai Duna wurin likitan dabbobi. Ya lalube shi, ya ji wasu ƙulluttai a hammata da wuya, ya ce alamu sun nuna sankara ce kuma ta yaɗu, yanka ba zai yi amfani ba. Ya ba mu maganin rage zafi. Ban ɓoye wa Kawu ba. Ya daɗe yana shafa kan karen.

Muka yi yarjejeniya. Kullum da safe in sa safar hannu in gyara wa Duna ciwonsa a zaure, in wanke hannu, in canza safa, sannan Kawu ya miƙo ƙafa. Maƙwabta suka samu abin faɗa, wai nas ta koma wankan kare. Su yi ta faɗa. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ba ka warkar da mutum kana raina abin da yake ƙauna. Shekara guda ina aika bandeji a banza, sai da na hau motar awaki.

Duna ya mutu shekaranjiya da hantsi. Ƙanena ya haƙa rami bayan gari muka rufe shi. Na kwana da fargabar Kawu zai ce a mayar da shi Badarawa, ga ciwon ya fara jan nama, warin ya tafi. Da safe na fito da jakata, na same shi zaune a zaure, ya riga ya naɗe ƙafar wando.

Ya ce, "Naɗa, ɗiyata. Kin riƙa mani nawa, ni ma in riƙa maki naki."