Kunkuru a Hannun Baba

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, na san akwai hantsi guda da zai bar mani, don wannan ba ya cikin abubuwan da ake mantawa. Duk safiyar da na buɗe ido na ga haske ya shigo ta taga, sai ya faɗo mani a rai. Abin ya faru ne a gonarmu ta gado can bayan Pauwa, daga ni sai mahaifina, sai wata 'yar na'ura da mutanen garinmu suka laƙaba wa suna Kunkuru.

Bari in fara da tsakanina da Baba, don in ba ku san wannan ba labarin ba zai yi maku armashi ba. Ni ɗan fari ne, kuma sunan kakana aka sa mani, wato mahaifin Baba. Kun ga alkunya ta zama biyu ke nan. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni sashen Baba Ƙarami, ƙanin mahaifina, gida ɗaya muke amma a can na tashi. Har na yi gemu, na yi aure, na ajiye 'ya'ya, ban taɓa jin Baba ya kira sunana ba, ko na yanka ko na wasa. In yana nemana sai ya ce, "Ina wancan?" In na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Ranar da na kawo mashi labarin na gama karatun aikin gona, cewa ya yi "To," ya ci gaba da gyaran ƙotar fartanyarsa. Ban riƙe shi a rai ba, haka na ga ana yi a gidaje da yawa. Amma ƙarya nake in na ce ban taɓa kwaɗayin ya dube ni ya ce sannu ba.

A lokacin wata ƙungiya mai taimaka wa manoma da iri da taki ta ɗauke ni aikin awon gonaki, daga ƙauyukan Kankara zuwa na Faskari, wani lokaci har Damari. Aikin ba wuya sai tafiya. Ka bi iyakar gona da ƙafa, na'ura a hannunka, in ka zagayo ta gaya maka girman gonar. Na'urar ba ta fi tafin hannu ba, mai kauri, an lulluɓe ta da roba, da ɗan ƙaho a kanta. Ta taɓa suɓucewa daga kan babur ta bugi dutse, na ɗauka ta gama yawo, na ɗago ta ko ƙwarzane babu. Daga ranar aka fara ce mata Kunkuru. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ba ruwanta da layin waya. A wajenmu da ka bar titi ka nausa daji, wayarka ta zama fitila kawai. Ita kuwa Kunkuru da tauraron ɗan'adam take magana, ko ina kake za ta aika saƙo, ta kuma nuna daidai inda kake tsaye.

Baba Ƙarami mutum ne mai son ganin ƙwaƙwaf. Wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida ya ce sai na nuna mashi yadda abin yake. Baba na gefe a kan buzunsa, ya juya mana baya, ya manna ƙaramin rediyonsa a kunne kamar yadda ya saba.

Baba Ƙarami ya jujjuya ta ya ce, "To wanga ɗan murfin na gefe fa, mi ke ciki?"

Na ce, "Kada ka taɓa, Baba! Na neman agaji ne. In mutum ya shiga uku a daji, sai ya ɗaga murfin, ya danne jan maɓallin nan, ya riƙe har ta yi kuka. Saƙo ya tafi wajen oganmu ke nan, da wurin da kake. In ta sake yin kuka, an gani, ana zuwa. Amma fa sai tana ganin sama. Ƙarƙashin itace ko cikin ɗaki ba ta ji da kyau."

Ya yi dariya ya ce wa yayansa, "Yaya, ka ji abin da zamani ya zo da shi kuwa?"

Baba ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "Ku bar ni in ji labarai."

Da bazara ta yi nisa aka zo kan gonarmu. Gona ce mai nisa, kuma ba wanda ya san iyakarta ciki da bai sai Baba, don haka dole ya raka ni. Ku zo ku ga tafiya! Na goya shi a babur, amma ya ƙi riƙe ni, ƙarfen baya ya kama, ya zauna can ƙarshen kujera har ina tsoron rami ya watsar da shi. Da hanya ta ƙare muka jingine babur a bakin wani busasshen rafi, muka ci gaba da ƙafa, tafiya mai ɗan dama. Yana gaba da sandarsa da butarsa, ina biye da jarkar ruwa.

Ko a gonar ma bai fasa ba. Mu biyu ne rak, amma sai ya dubi sama ya ce, "A gaya wa mai na'ura iyakar ta bi ta gindin ɗorawar can." Ni kuma in ce, "To, an gaya mashi." Wallahi dariya nake dannewa.

Mun kusa rufe zagaye sai muka zo kusurwar da aka tara karan dawa na bara. Baba ya ce akwai dutsen iyaka a ƙarƙashi. Na ɗaga baƙin tabarauna na ɗora a kan hula don in ga fuskar na'urar da kyau, na sunkuya na janye karan da hannu ɗaya. Abin da na gani na ƙarshe shi ne baƙin abu ya miƙe ya fasa kai. Kumurci ne. Kafin in ja da baya ya feso mani dafi a ido biyu.

Wayyo Allah! Ban san yadda zan kwatanta maku ba. Ku ɗauka an daka barkono an zuba wa mutum, sannan a bi da garwashi. Na yi jifa da Kunkuru, na faɗi ina birgima ina murza ido ina salati. Abin da ya zo mani a rai ba mutuwa ba ce, makanta ce. Na san wani dattijo a ƙauyen kakannina da kumurci ya yi wa haka, har ya koma ga Allah da sanda ake jan shi. Na tuno 'yata ƙarama da ta fara tatata, na ce shi ke nan, na gama ganin fuskarta.

Sai na ji an damƙe hannuwana biyu an raba su da fuskata. Aka ja ni inuwar ɗorawa, aka ɗora kaina a kan cinya. Sannan na ji an kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, da wata murya da ban taɓa ji ba.

"Kada ka murza! Buɗe idon, buɗe mani. Ina nan, ba inda za ni."

Ku yarda da ni, duk da azabar da nake ciki sai da na daina birgima. Na ɗauka wani ne ya zo. Baba ne, yana buɗe fatar idona da yatsunsa masu kaushi, yana tsiyaya ruwa a hankali, yana addu'a yana ƙara kiran sunan nan, sunan mahaifinsa da bai taɓa bari ya fito daga bakinsa ba. Ya ƙarar da ruwan jarka kaf, ya bi da na butar alwalarsa. Ko kurɓa ɗaya bai rage mana na sha ba.

Ruwa ya ƙare, ido bai daina ci ba, kuma ya kumbura ya rufe ruf. Babur yana can nesa, ko da kusa yake Baba bai iya tuƙi ba. In ya ja ni da ƙafa cikin wannan rana ba ruwa, mu duka biyu za mu zube a hanya. Ga shi lokacin ba a cika zuwa gonakin nesa ba, balle mu sa ran wani zai gifta. Sai da hankalina ya ɗan dawo na tuna da na'urar. Na ce, "Baba, Kunkuru. Na jefar da ita wajen karan. In ka samo ta ka miƙo mani, akwai wani..."

Ban ma san lokacin da ya sauke kaina ya tashi ba. Daga can nesa kaɗan na ji ya ce, "Na danna tuni. Ta yi kukan farko."

Na ce, "Ka danna mi?"

"Jan na ƙarƙashin murfi mana. Yi shiru in ji na biyun."

Baki buɗe na kwanta. Can kuwa sai ga kukan na biyu, siriri. Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, an gani." Daga nan ya yi ta jefo mani magana daga inda yake, kada in yi barci, kada in taɓa ido, in yi ta salati. Na ce ya dawo inuwa ya zauna, ya ce in ji da kaina. Ni dai na san muryarsa daga sama-sama take zuwa, ban gane dalili ba.

Rana ta take sosai kafin mu ji ƙugin babura. Oganmu ne da wani ma'aikacin lafiya da jarkokin ruwa, sun biyo alamar da na'urar ta aika, har gindin ɗorawar. Shi ogan ne ya ba ni labarin abin da suka tarar. Ya ce tun daga nesa suka hango dattijo tsaye a kan suri cikin tsakiyar rana, ba takalmi, ya ɗaga hannun dama sama da Kunkuru a ciki, jikinsa sharkaf da gumi. Ashe da ya ji na ce sai tana ganin sama, ya ɗauka in ya sauke hannu saƙon zai yanke, masu zuwa su ɓace a hanya. Da ajiye ta ya yi a fili ya koma inuwa, da ta wadatar. Tun kukan farko yake tsaye a haka, a kan surin da wataƙila cikinsa macijin ya shige. Sai da ogan ya hau ya ɓamɓare na'urar daga yatsunsa, hannun ma da ƙyar ya sauko.

To amma me? Da ganin mutane Baba ya koma Baban da na sani. Ina ji da kunnena ogan ya ce, "Sannu Baba, ɗanka ne?" Ya ce, "Yaron ƙanena ne. Rawar kai gare shi, ya je ya tono maciji." Ma'aikacin lafiyar na wanke mani ido ina kuka ina dariya, har ya tambaya ko dafin ya taɓa mani kai.

Na yi 'yan kwanaki a asibiti a Kankara da ido a naɗe. Likita ya ce wankin farko da isowa da wuri su suka taimake ni. Ranar da aka kwance, abin da na fara gani 'yata ce tana jan gemuna. Idon hagun har yau yana ɗan yi mani hazo in rana ta yi zafi, amma ina karatu, ina tuƙi, ina aikina, me zan ce wa Allah in ba godiya ba? Duk dangi sun zo dubiya. Baba bai zo ba, kuma ban sa rai ba.

Baba Ƙarami ne ya kwance mani sauran ƙullin. Na ce mashi ni fa abin da ya ɗaure mani kai, yaushe Baba ya koyi na'urar, shi da ke jin labarai ranar da na yi bayani? Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai dai yaro ne. Rediyon nan tun kaka ba batir a cikinsa. Duk ranar da ka zauna kana ba ni labarin aikinka, sai ya ɗauko shi ya kara a kunne ya juya baya. Halan kai ka taɓa jin sauti ya fito?" Ya ce kwanakin da nake asibiti da hagu Baba yake ɗaga buta, don na daman ya ƙi ɗaguwa, kuma kullum sai ya tare shi a zaure ya ce, "Wancan, an ce yana gani?"

Da na koma gida na je na durƙusa na yi mashi godiya. Ya dubi bango ya ce, "To." Har na miƙe sai ya ƙara da cewa, "A gaya wa wancan ya bar ɗora tabarau a kan hula." Na ce an gaya mashi. Bai sake kiran sunana ba har yau, ni ma ban nema ba, wanda na ji a gona ya ishe ni.

Abin da na koya shi ne, a gidajenmu ba a auna ƙauna da abin da baki ya furta, kuma wanda ya juya maka baya wataƙila ya fi kowa kasa kunne gare ka. Na taɓa tunanin in sayo mashi batir, sai na fasa. Yanzu duk yammar da na dawo daga aiki na ga ya ɗauko rediyo ya juya baya, sai in zauna kusa da Baba Ƙarami in ba shi labarin inda na je da abin da na gani, in ɗaga murya yadda za ta kai kan buzun.