Abin Da Ke Naɗe a Bayan Zanen Mai Jan Hanci

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi a Riyad, ban da ranar da na cire ƙusoshin wannan zanen. Lokacin ina aikin kafinta a wani shago a unguwar Al-Murabba, muna yi wa madubai da allunan ayoyi firam. Mai shagon, wanda shi ne kafilina, wato mai tsaya mini a ƙasar, dattijo ne marar son dogon zance.

Wata safiya wata Baturiya 'yar Suwidin ta shigo da abu naɗe cikin bargo. Ta manyanta, kuma ta daɗe tana aikin jinya a garin, don haka Larabcinta ya fi nawa. Da ta yaye bargon sai da na ja da baya. Zanen ɗan barkwancin nan ne na Turawa, fuska fara fat, hanci ja, baki a wage yana dariya. Amma idanun ba sa dariya, kuma ba mai kallo suke kallo ba. Ƙasa suke kallo, gefen hagu, inda babu komai sai katakon firam.

"Babana ne ya zana," in ji ta. "Ya rasu wata biyu da suka wuce, aka aiko mini. Ka canza katakon kawai, ya akhi, zan bayar da shi. Ba na son ganinsa."

Ban tambaye ta ba, amma ta tsaya ta ba ni labari. Ta ce mahaifinta ya yi suna a ƙasarsu da zanen tafkuna da kwale-kwale, har daga birni ake zuwa saye. Wata rana yana bakin tafki yana zane, ƙanwarta 'yar shekara biyar ta faɗa ruwa a bayansa, bai ji ba. Tun daga ranar bai ƙara zana ruwa ba, bai ƙara ambaton sunan yarinyar ba. Sai ya koma zana 'yan barkwanci, sunansa ya ƙara fita. Wannan ɗaya ne ya ƙi sayarwa, ya rataye shi a ɗakin cin abinci.

"A ƙarƙashin wannan dariyar na girma," ta ce. "Shi ya sa ko jana'izarsa ban je ba."

Bayan azahar aka rufe shago, kowa ya tafi hutu, ni na tsaya don in rage aiki. Na kifa zanen a kan tebur, don gaskiya ba na son fuskar. Da na fara zare ƙusoshi sai na ga ƙyallen da aka yi zanen a kai ya fi firam ɗin tsawo. An naɗe kusan kamu biyu ta ƙasa, an danne da ƙusa fiye da talatin, kusa da kusa, kamar mai tsoron kada wani abu ya fito.

Na warware a hankali, na juyo shi.

Yarinya ce. Tana tsaye a gefen hagu, riƙe da yatsan mai jan hancin, daidai inda idanunsa suke kallo. Gashinta ya manne a goshi, rigarta tana ɗigar ruwa. Ita kuwa ni take kallo.

Na'urar sanyi a kashe take, rana a waje kamar za ta narka kwalta, amma sanyi ya kama ni har cikin ƙashi. Sai warin laka da ciyawar ruwa ya cika shagon, irin na bakin kogin garinmu. A Riyad! Ban san abin da ya kai hannuna ba, na taɓa gefen rigar. Yatsana ya dawo da shuɗi, a jiƙe. Zanen da ya fi shekara arba'in.

Na fita da gudu ba takalmi, na zauna a bakin masallaci ina ta karanta Ayatul Kursiyyu har aka kira la'asar.

Da kafilina ya dawo ya duba, ya ce zafi ne ya narka fenti. Wataƙila. Har yau ina so in yarda da shi, sai dai babu inda ya jiƙe a duk zanen sai rigar.

"Mayar ka naɗe, yalla," ya ce. "Katako aka ce ka canza. Kada ka tayar mata da hankali."

Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ke hannun mutum ba ya yi masa musu, na sani. Na ɗauki guduma, amma na kasa buga ƙusa a kan fuskar yarinyar nan. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, sai ta gani." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya shige ciki.

Washegari ta zo. Ta tsaya a gaban tebur kamar an dasa ta. Can ta kira wani suna a hankali, sau biyu, ta zauna a ƙasa cikin garin katako.

"Kullum idan muna cin abinci kujerar babana tana fuskantar bangon da zanen yake," ta ce. "Na ɗauka dariyar yake kallo."

Ta sa na yi sabon firam mai tsawo, yarinyar a fili, ta ɗauka da hannunta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Da ma ko sau ɗaya na tambaye shi."

Tun daga nan na daina yanke wa mai shiru hukunci. Wani shirun ba mantuwa ba ne, nauyi ne ya hana baki buɗuwa. Kuma idan kana riƙe da wani naka a zuciya, ka je ka tambaye shi tun yana iya ba ka amsa.