Ranar da Hansatu Ta Zauna

Hansatu Lawal ba ta iya zama ba, kowa a Kampung Baru ya shaida. A tsaye take cin abinci, tana karatu tana zagaye ɗaki, har mai kedai, wato shagon abincin ƙasan benensu, ta gaji da miƙa mata kujera, sai dai ta ƙulla mata tapau, abincin tafi-da-gidanka, ta wuce. Daga Funtuwa ta zo Kuala Lumpur yin digiri na uku a fannin shari'a, bincikenta kuma a kan abin da mutanenmu ba sa son a faɗa da ƙarfi ne: yaushe doka ta yarda a cire ciki don a ceci uwa. Ɗalibai suka laƙaba mata Lauyar Mata, wasu da wasa, wasu da harara. Ba su san yayarta Ɗelu da ciki ta rasu ba. Likita ya tambaya ko a cire, dangi suka sunkuyar da kai, ita ma Ɗelun ta sunkuyar.

Da korona ta zo aka kulle gari, sai abin ya zame mata azaba. Kai, mai ƙafar yawo a ɗaki ɗaya! Daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, har maƙwabtan ƙasa suka fara buga mata silin da tsintsiya.

Ana cikin haka Rahama ta kira ta. Rahama amarya ce 'yar Najeriya da aure ya kawo Kuala Lumpur, mijinta Abdulbaƙi ya tafi Kano jana'izar mahaifinsa, aka rufe iyaka ya maƙale can. Cikinta wata uku, ga ciwon zuciya da ba a san tana da shi ba, likita kuma ta ce zuciyar ba za ta kai ta haihuwa ba. Mijin ya amince ta waya yana kuka, malamin da suka tambaya ya ce ran uwa ne a gaba. Amma sau biyu ana sa mata rana a asibiti, sau biyu ana sallamo ta ba a yi komai ba.

Ran Hansatu ya ɓaci. Ta yanke cewa don Rahama baƙuwa ce ake mata haka. Ta rubuta takarda shafi uku, ta kawo Sashe na 312 na dokar Maleshiya da ya ba likita damar cire ciki idan ran uwa na cikin haɗari, ta ja layi da jan biro. Washegari suka wuce shingen 'yan sanda da katin asibiti. A bakin ƙofa mai gadi ya tare Hansatu da irin lafazinsu na 'yan Maleshiya.

"Mara lafiya kaɗai, lah."

Ta kira wayar Rahama, ta ce mata kada ta katse kiran, ita kuma ta hau safa da marwa a bakin titi, takunkumi ya jiƙe da gumi. Ta ji likitar ta tambaya da Turanci, "Rahama, kin yarda a yi?" Shiru. Ta sake tambaya, shiru. Likitar ta ce cikin taushi ba za ta taɓa ta ba sai ta faɗa da bakinta, yau karo na uku ke nan ba ta amsa ba.

Hansatu ta tsaya cak. Ashe babu wanda ya tauye wa Rahama haƙƙi. Kunya ce. A gida shirun nan amincewa ne, a nan kuwa ƙi ne.

"Rahama! Ɗauki wayar nan!"

"Anti, cikin fari ne fa," Rahama ta raɗa. "Da wane baki zan faɗa? Ai ta ga ban musa ba."

"Ba ta gani ba! Wallahi ba ta gani ba!" Masu layin gwajin zafin jiki suka juyo suna kallonta. "Yayata Ɗelu ma ba ta musa ba. Ni na riƙe mata kai ana yi mata wankan gawa. Ki buɗe baki, don girman Allah."

Ba ta taɓa gaya wa kowa wannan a Maleshiya ba. Ta ji ƙarar fanka, sannan muryar Rahama ƙasa-ƙasa:

"Na yarda, likita. A yi. Ina so in rayu."

Hansatu ta zauna daɓas a kan dakalin bakin titi, takardar shafi uku a cinyarta, ta yi kukan Ɗelu da ta yi shekara tara tana riƙewa.