Rijiyar Da Aka Hana Mu

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka juya motar haƙa rijiya daga bakin ƙauyenmu ba. Lokacin ina aiki a ɗakin shan magani na wani ƙauye gaba da Kebbe. Ruwan tafki muke sha, mu da shanu, kuma kowace damina amai da gudawa sai sun kwashe mana yara.

A ƙauyen akwai Kiristoci gida biyu, malaman firamare. Wata rana bishof ɗinsu na cocin Angilika ya zo duba su. Tsoho ne mai furfura, yana dogara sanda, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawon ƙauyuka a kan keke kafin girma ya zo masa. Da ya leƙo wurina ya ga yara kwance a tabarma ana yi musu ƙarin ruwa, sai ya tambaye ni, "Ɗana, ina kuke ɗiban ruwa?" Na kai shi tafkin. Ya dubi ruwan, ya yi mini sallama ya tafi.

Bayan wata biyu ya dawo da motar haƙa rijiyar burtsatse. Ya ce mai gari ya zaɓi wuri, mai gari ya nuna gefen masallaci, inda kowa zai iya kaiwa. Bishof ya ce madalla.

Sai ga wani ɗan siyasar garinmu, wanda ya sha yi mana alkawarin rijiya bai cika ba, kuma ga zaɓe ya matso. Ya sa 'yan bangarsa suka gitta itace a hanya, ya tsaya yana ɗaga murya: "Wanga ruwa ba mu so nai! Addininmu sunka zo saye!" Mutumin da ban taɓa gani a sahun asuba ba, ran nan shi ne mai kishin addini!

Tsohon nan ya sauko daga mota, ya cire hularsa a cikin rana, ya ce, "Alhaji, rubuta sunanka a jikin rijiyar, ka ce kai ka yi. Ni dai yaran nan su sha ruwa mai kyau." Ɗan siyasar ya ƙi. Mai gari ya sunkuyar da kai. Ni kuwa, da na fi kowa sanin yawan yaran da muka binne, na yi shiru saboda tsoron a yi mini canjin wurin aiki. Da la'asar motar ta juya.

Ba a yi sati uku ba wata yarinya 'yar shekara huɗu ta cika a hannuna. Uwarta ta riƙe rigata tana cewa, "Malam, mi munka yi musu?" Ɗan siyasar ko gaisuwa bai aiko ba, iyalinsa na Sakkwato suna shan ruwan gora. Bishof ne ya zo ta'aziyya, da kwalayen maganin tsabtace ruwa, ya zauna a ƙasa tare da mu, bai ko tada zancen rijiyar ba.

Har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa, kuma rabin fushin da kaina nake yi. Mutum ɗaya ne ya gitta itace, amma shirunmu ne ya bar shi a hanya. Tun daga ranar na koyi cewa idan ana yin ƙarya da sunan Allah a gabanka, ka buɗe baki, ko da aikinka zai tafi.